Madubin da Aka Kashe a Sharaɗa

Talata, bayan La'asar

Na kai abinci. Sun karɓi kular a bakin ƙofa, suka ce in ɗanɗana a gabansu, na ɗanɗana. Ba su bari na gan shi ba. Sun ce gobe.

Ba zan rubuta sunan wurin ba. A gidan nan ma ba wanda ya faɗe shi tun jiya da safe da suka zo. Ummi ta tambaye ni ina Abbanta, na ce yana wurin aiki. Ta leƙa zaure ta dawo ta ce, "Ai ga babur ɗinsa nan." Yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba.

Laraba, da hantsi

Baba ya zo daga Hotoro. Bai ko sha ruwan da na kawo ba, ya ce, "Rufaida, zauna. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, me Usama ya taɓa?"

Na ce, "Baba, bai taɓa komai ba. Bayarwa ya yi."

Ya ce in yi masa bayani yadda zai gane. Na yi iya yadda Abban Ummi ya sha yi mini. Na ce akwai manhajojin kwamfuta da mutane a duniya suke haɗuwa su rubuta, su sake su kyauta, kowa ya ɗauka ya yi amfani, halak malak. Amma in kana Kano kana so, sai ka jawo su daga Turai. Ka wuni kana jira, ana dab da gamawa layi ya yanke, datarka ta tafi a banza. Shi ne ya ɗauki wata tsohuwar na'ura da kamfanin robar da yake yi wa aiki a Sharaɗa ya jefar, ya gyara ta, ya ajiye ta a ɗakin kwamfutocin da yake kula da su. Ita kullum tana kwafo waɗannan manhajoji tana ajiyewa. Ɗalibi ko mai gyaran kwamfuta in yana so, sai ya sauke daga nan kusa, cikin ɗan lokaci. Madubi suke ce mata, don abin da ke can shi take nunawa a nan, ba ragi ba ƙari.

"Da sanin mai kamfanin?"

Na ce Alhaji Ɗalhatu da bakinsa ya ba shi izini. Ya ce layin intanet ɗin kamfani ai kwana yake yi ba aiki in an tashi, gara bayin Allah su amfana.

"Nawa ake biyan Usaman?"

"Ko kwabo, Baba."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "To, rijiya ya haƙa." Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa, "Amma a gonar wani. Kuma mai gonar ga halin da yake ciki."

Alhaji Ɗalhatu tun kafin azumi ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya magana. Ɗansa Anwar ne yake riƙe da kamfanin yanzu.

Laraba, bayan Magariba

Sun ce gobe.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Nuru ya zo, abokin Abban Ummi da yake koyar da kwamfuta a wata kwaleji. Tare suka kafa madubin. Ya tsaya a zaure, ni ina daga cikin labule. Ya ce an kwashe na'urar ma, har da wayoyinta, a bayan mota. Ya ce ɗalibansa tun Litinin suke damunsa, wai abin ya daina buɗewa.

Ya ce, "Maman Ummi, ki kwantar da hankalinki. Wannan rashin fahimta ce kawai. Sun ga ana shigowa na'urar daga Nijar, daga Chadi, daga Kamaru, sun ɗauka wani abu ne. Gobe zan je da kaina in zauna da su in nuna musu. Abu ne a fili, duk duniya ana yi. Minti nawa ne?"

Ya yi dariya ma. Na ji daɗin dariyar. Na dafa shinkafa da wake, na ci da yawa.

Asabar, da yamma

Nuru ya je. Bai biyo ta nan ba. Na kira, ya ce yana kan babur zai kira ni.

Lahadi, da safe

Bai kira ba.

An kwana ana ruwa. Iska ta juyo da warin majemun Challawa har cikin ɗaki. Da, in an yi haka, Abban Ummi sai ya ce arziki ne yake wari, in ce to ya je ya kwaso mana. Yau na rufe taga kawai.

Litinin, bayan Azahar

Nuru ya ɗauka a ƙarshe. Muryarsa kamar ba tasa ba. Ya ce ya fara yi musu bayani, sai ɗaya ya dakatar da shi ya ce, "Wato kai ma kana ciki ke nan?" Suka rubuta sunansa da na kwalejinsu da unguwarsu. Suka ce kada ya yi nisa.

"Maman Ummi, ina da iyali."

Na ce na sani. Na ce Allah ya saka da alheri. Da gaske nake yi, ina jin. Ban sani ba.

Talata, bayan La'asar

Na kai abinci. Na ɗanɗana. Gobe.

Alhamis, da rana

Na gan shi.

Sun ba mu ɗan lokaci a wani benci, wani yana tsaye a kanmu. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa. Ba zan rubuta yadda idonsa ya yi ba. Ya tambayi Ummi, ya tambayi Inna, mahaifiyarsa, ya ce kada a faɗa mata saboda hawan jininta, a ce an tura shi Legas. Sannan ya rage murya ya ce, "Madubin fa? Yana aiki?"

Na ce sun ɗauke na'urar.

Ya ce, "Sun kashe ta yadda ya kamata, ko fizge waya suka yi?"

Na ce ina zan sani.

"In fizgewa suka yi, faifan zai iya lalacewa. Shekara biyu ina tara abin nan."

Na dube shi. Wallahi na so in yi ihu. Mutum yana zaune a inda yake zaune, ƙafarsa duk cizon sauro, yana tambayar lafiyar ƙarfe. Amma mai tsaron yana kallonmu, sai na ce, "Ka ci abincin da zafinsa."

Ya ce in je wurin Alhaji. "Ko kai ya gyaɗa, ya isa. Shi ya sani."

Alhamis, bayan Isha'i

Akwai wata Lahadi da ya ɗauke ni a babur muka je Sharaɗa, wai sai na ga abin da yake hana shi zaman gida. Kamfanin shiru, buta da bokiti an jibge su har rufi, sai maigadi. Ya buɗe wani ɗan ɗaki mai sanyi, ya nuna mini wani akwatin ƙarfe a ƙasan tebur yana ƙyafta koren ido. Na ce, "Wannan ne?" Ya kunna allo, rubutu yana ta gudu sama. Ya ce kowane layi mutum ne. "Wannan daga Damagaram yake. Wannan Maiduguri. Wannan nan cikin gari, wataƙila wani yaro ne a Dakata yake koyon abin da zai ci abinci da shi." Fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da Makka.

To ina suke? Na Damagaram da na Maiduguri da na Dakata, ina suke yau? Ko sunansa ba su sani ba. Sun danna, ya ƙi buɗewa, sun yi tsaki sun koma wani wurin.

Astagfirullah. Ba laifinsu ba ne.

Asabar, da yamma

Na je sunan 'yar Asabe maƙwabciyarmu. Ina shiga tsakar gida hira ta mutu. Aka ba ni tabarma ni kaɗai. Ina jin wata daga bayan ɗaki tana cewa, "Dama masu kwamfutar nan, ka ga mutum shiru-shiru, ashe damfara yake yi." Wata ta ce, "Wai kyauta yake rabawa." Suka kwashe da dariya. "Kyauta a garin nan?"

Na ajiye sabulun da na kawo na fito. Asabe ta biyo ni har ƙofa tana cewa in yi haƙuri, in tsaya in ci waina. Ba ta ce ƙarya suke yi ba.

Litinin, da hantsi

Lauyan da Baba ya samo ya ce magana ɗaya ce: wa ya ba da izini, kuma ina shaida. Na ce Alhaji ne, a ofishinsa, su biyu. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce batun beli kuma a jira, wai ba a gama duba na'urar ba, wanda zai duba ta ya yi tafiya.

Laraba, bayan La'asar

Na je Bompai.

Na bar Ummi wurin ƙanwata, na hau adaidaita sahu har biyu. Maigadi ya so ya hana ni, sai Hajiya Safara'u, matar Alhaji, ta hango ni ta taga ta ce a bar ni. Ta san ni, ta zo bikinmu. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya mai jiki. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, kin rame."

Ta kai ni ɗakin. Alhaji yana kwance an tokare shi da matasai, bakinsa ya karkace, ɗakin yana warin man zafi. Mutumin da muryarsa take cika kamfani. Na durƙusa a gefen gado na ce, "Alhaji, Allah ya ba ku lafiya. Ni ce matar Usama, mai kula muku da kwamfuta. Alhaji, kun tuna na'urar nan da kuka ce ya ajiye, ta ɗalibai?"

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito, ba kalma ba. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Hajiya ta goge masa ta ce, "Haka yake yi wa kowa. Ko mai kawo madara ya shigo, haka yake yi."

Ina fitowa na ci karo da Anwar a falo. Na zaci zan ga azzalumi. Yaro na gani, sa'an ƙanena, idonsa ja, waya biyu a hannu duk suna ƙara.

Na gaishe shi. Ya ce, "Na san abin da ya kawo ki. Ni ban ce ya yi sata ba. Cewa na yi a bincika."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka tambaye shi."

"Na tambaye shi! Ya ce mini kyauta yake bai wa duniya. Ke in ke ce za ki yarda? Injina biyu sun tsaya, dizal ya gagare mu, wani kamfani a Challawa ya san farashinmu tun kafin mu fitar, ya ƙwace mana dilolinmu. Sai na buɗe ɗaki na tarar da na'urar da ba ta cikin kayanmu, tana aika abu ƙasashen waje dare da rana a kan layinmu. Me zan ce?"

Na ce, "To yanzu ka ji. Ka ce su sake shi."

Ya kalli ƙasa. Ya ce, "Maganar ta wuce hannuna. Da na kai, abu ɗaya na faɗa. Su suka mai da shi wani abu."

Hajiya daga bakin ƙofa ta ce, "Rijiya ta bayar, guga ya hana." Ya ɗauki waya ya fita.

Ta cusa mini atamfa a jaka. Ban san me zan yi da atamfa ba.

Juma'a

Ban tashi ba yau sai don salla.

Asabar, da safe

Inna ta kira. Ta ce wane irin Legas ne wannan da ba a kiran uwa. Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Sai ta ce, "Rufaida, ni na haife shi fa." Na ce layi ba ya jin magana, na kashe.

Ummi ta daina tambaya. Ta koma hawa babur ɗin a zaure tana yin ƙarar inji da baki. Gara tambayar.

Litinin, bayan La'asar

Na kai abinci. An dawo mini da kular jiya, ba a taɓa ba.

Talata, bayan La'asar

Yau ma.

Alhamis, da hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji Ɗalhatu ya rasu da asuba. Baba ne ya kira, ya ce zai je jana'iza.

Na yi masa addu'a, mutumin kirki ne. Amma ina addu'ar ina tuna ranar da ya ba da izinin. Su biyu ne a ofishin nan. Ɗaya za a sa shi a ƙasa kafin Azahar. Ɗayan kuwa ba wanda yake jin maganarsa.

Lahadi, da yamma

Ruwa. Rufin kicin yana zuba. Na tara bokiti, irin na kamfaninsu, shuɗi.

Laraba, bayan Azahar

Hajiya Safara'u ta aiko direbanta daga cikin takaba. Ya ce ta ce a faɗa mini ta yi magana da ɗanta yau da safe wurin addu'ar bakwai, a gaban 'yan'uwan mahaifinsa. Ta ce ba za a bar wannan a kan kabarin mijinta ba. Anwar zai je ya janye ƙarar da ya kai.

Lauya ya ce kada in yi murna tukuna. Janyewa daban, saki daban. Kuma akwai sharaɗi: Abban Ummi zai bar aikin da kansa, ba zai nemi komai ba, na'urar kuma ba za ta dawo ba. Ba wanda zai ce ya yi laifi. Ba kuma wanda zai ce bai yi ba.

Na ce, "To sunansa fa?"

Ya ce, "Hajiya, ki karɓi mutum tukuna."

Litinin, bayan Magariba

Ya dawo.

Baba ne ya kawo shi. Ummi ta ɓuya a bayana, sai da ya yi magana ta gane shi. Na haɗa ruwan zafi, ya daɗe a banɗaki har na je na ƙwanƙwasa. Ya ci loma kaɗan. Maƙwabta maza sun shigo jaje, ya fita ya zauna da su, duk abin da aka ce sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Ban tambaye shi komai ba. Bai faɗa mini komai ba.

Ya kwanta da fitila a kunne.

Alhamis, da safe

Ya ba ni wayarsa da aka dawo masa da ita, ya ce in riƙe. Ba ya so ya ji ƙararta.

Da na kunna, saƙonni suka yi ta shigowa. Akwai ɗaya da Turanci daga mutanen da suke kula da jerin madubai na duniya. Sun ce sun ga na Kano ya daɗe ba ya amsawa, sun rubuto ba a ba su amsa ba, don haka sun cire shi daga jerin. Sun gode da gudummawarsa. In ya gyara, ya sanar da su, ƙofa a buɗe take.

Na karanta masa a hankali. Yana zaune a bakin gado yana kallon ƙafarsa. Ya ce, "Suna da kirki." Shi ke nan.

Asabar

Ƙanin Baba ya ce akwai gurbi a sitonsu na Dakata, mai duba lodin buhuna. Abban Ummi ya ce to. Ko wane irin aiki ne bai tambaya ba.

Na jawo kwamfutarsa ta hannu daga ƙarƙashin gado don in share wurin. Ya ce in mayar.

Lahadi, bayan La'asar

Nuru ya zo. Ya yi sallama sau uku a zaure kafin na fita. Ya kasa kallon labulen ma. Ya ce ya san bai kyauta ba, ya ce kunya ce ta hana shi zuwa. Sannan ya ce ya zo da magana mai daɗi. Ɗalibai sun yi ta ƙorafi har shugaban sashensu ya ji. Kwalejin ta yarda ta ba da ɗaki da layi da wutar sola, a sake kafa madubin a can, da izini a rubuce, da sa hannun kowa. Usama kawai suke jira, don shi ya san kan abin.

"Maman Ummi, ki kira min shi. Minti biyar kawai."

Na shiga. Yana zaune a kan darduma tun da ya idar da salla, bai naɗe ta ba. Ya ji komai, zauren ba nisa. Na tsaya ina jira in ga ko fuskar nan za ta dawo, ko da kaɗan. Na ce, "Abban Ummi, ka ji fa. A rubuce."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ki ce masa ba na nan."

Na koma zaure na ce wa Nuru ba ya nan. Ya dubi takalman Abban Ummi a bakin ƙofa, ya dubi babur. Ya ce to, in ya dawo a gaishe shi.

Na dawo na zauna a gefen dardumar har aka kira Magariba. Ina ta dubansa. Ban yi wa Nuru ƙarya ba.